The Sixth Sense ko The Others: wanne za ki kalla da yaranki?

Hajiya, ga tambayarki kamar yadda na fahimce ta. An ba ki sunayen finafinai biyu, The Sixth Sense da The Others, an ce miki duk labarin uwa da 'ya'ya ne da aka cakuɗa da fatalwa, kuma wani ya ce kallon ɗaya ya wadatar domin na biyun kwaikwayon na farkon ne. Kina son sanin wanne za ki zauna ki kalla da yaranki, mace 'yar shekara 15 da namiji ɗan shekara 10. Shawarata ita ce ki fara da The Sixth Sense ke da babbar, The Others ki riga kowa kallonsa ke kaɗai, ƙaramin kuwa a ɗaga masa ƙafa tukuna. Zan kawo dalilaina, amma ba zan taɓa ƙarshen ko ɗaya ba, domin duk wanda ya gaya miki ƙarshen finafinan nan ya zalunce ki.

Mu fara kawar da maganar kwaikwayo. Na san abin da ya jawo ta. The Sixth Sense ya fito a watan Agustan 1999, The Others ya biyo baya a Agustan 2001. Kowannensu yana da yaro mai ganin abin da manya ba sa gani, da uwar da miji ba ya gida, da ƙarshe mai sa ki koma ki sake auna duk abin da kika kalla. Daraktocin ma kowannensu yana da shekara 29 lokacin da fim ɗinsa ya fito: M. Night Shyamalan, haifaffen Indiya da ya tashi a wajen birnin Filadelfiya na Amurka, da Alejandro Amenábar, haifaffen Chile da ya tashi a Sifaniya. Kowa shi ya rubuta labarinsa ya kuma ba da umarni, Amenábar har kiɗan fim ɗin shi ya tsara da kansa. Matan da suka fito a iyayen, Toni Collette da Nicole Kidman, duk 'yan Ostireliya ne. To amma kama da wane ba ta wane. The Others jinin tsofaffin labaran Turawa ne na ƙaton gida a bayan gari, da yara biyu, da mace ɗaya da ta kasa rarrabewa ko gidan ne ke da matsala ko kanta. Tun fitowarsa masu sharhi ke danganta shi da littafin Henry James na 1898, The Turn of the Screw, da fim ɗin The Innocents na 1961 da aka ciro daga littafin. Wannan hanya an daɗe ana bin ta kafin a haifi Shyamalan.

The Sixth Sense labarin cikin gari ne na wannan zamani. Cole Sear yaro ne ɗan shekara tara a Filadelfiya, yana zaune da mahaifiyarsa Lynn, uban ya tafi ya bar su. Yaron yana yawo da tabaran ubansa da aka cire wa gilashi, yana ɗaura agogon uban da ba ya aiki, wanda ba ma kyauta aka ba shi ba, a durowa aka manta da shi. Ba shi da aboki, a makaranta ana yi masa kallon mai taɓin hankali, jikinsa kuma da ƙuraje da yankan da ba ya faɗin inda ya samo su. Bruce Willis ya fito a Malcolm Crowe, likitan da ke kula da yara masu damuwar ƙwaƙwalwa. Shi ma da nasa tabon: wani da ya taɓa dubawa yana yaro, Vincent Grey, ya girma ya faɗo masa gida da dare, ya ce ka kasa taimakona, ya harbe shi ya harbe kansa. Saboda haka da Malcolm ya haɗu da Cole, gani yake Allah ya ba shi damar gyara abin da ya ɓata. Sai wajen tsakiyar fim yaron ya amince ya faɗa masa sirrinsa, wanda duniya duk ta sani yanzu: yana ganin matattu, ido biyu, ba a mafarki ba.

The Others kuwa ya mayar da mu 1945, tsibirin Jersey da ke kusa da gaɓar Faransa amma ƙarƙashin sarautar Ingila, wanda sojojin Jamus suka mamaye daga 1940 har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Grace Stewart tana cikin wani ƙaton gida da 'ya'yanta biyu, Anne da Nicholas. Mijinta Charles ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba a kuma kawo labarinsa ba. Yaran suna da wata cuta da hasken rana ke tayar musu da ƙuraje har ya iya halaka su, don haka kullum labule a sake, hasken gidan bai wuce na fitila da kyandir ba. Dokar gidan ita ce ba a buɗe ƙofa sai an kulle wadda aka baro, kuma tarin makullan yana hannun uwar. Masu aikin gidan sun gudu ba sallama, sai ga wasu uku sun ƙwanƙwasa ƙofa suna neman aiki: wata dattijuwa Misis Mills, da tsoho mai kula da lambu, da wata budurwa bebiya. Suka ce sun taɓa aiki a gidan tun da daɗewa. Daga nan Anne ta fara cewa akwai wasu mutane a gidan, har da yaro mai suna Victor da ke buɗe mata labule.

Mu kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Finafinan nan biyu sun kifar da wannan magana: yaron ne ya gani, babba ne bai gani ba. Kuma a nan ne, a ganina, ainihin labarin yake. Fatalwar hanya ce kawai ta kawo tambayar da ta fi ta nauyi, wato me uwa za ta yi ranar da ɗanta ya zo mata da gaskiyar da hankalinta ba zai ɗauka ba. Lynn da Grace sun amsa tambayar ta hanyoyi biyu da suka yi hannun riga.

Lynn mace ce da ta gaji. Aiki biyu take yi don ta riƙe gidan. Ta san wani abu na cin ɗanta, ta rasa mene ne, shi kuma ya ƙi faɗa mata domin yana tsoron kada ita ma ta fara yi masa kallon da sauran mutane ke yi masa. Ita kaɗai ta rage masa, ba ya son ya rasa ta. Da safe ta fita daga kicin na ɗan lokaci ƙanƙani, ta dawo ta tarar da duk ƙofofin kabad da durowoyi a buɗe, yaron na zaune bai motsa ba. Ta tambaye shi ko wani abu yake nema, ya ƙirƙiro ƙarya don ya kwantar mata da hankali, da ya tashi sai ta ga shatin tafin hannunsa na gumi a kan tebur. Akwai wani wuri kuma da ya dawo daga makaranta ta tare shi da wasa, ta ce yau ta ci caca ta ajiye aiki ta je ta sha iska, shi ma ya ce yau shi aka fara zaɓa a wasan makaranta har aka ɗaga shi sama. Dukansu sun san ƙarya suke yi, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asirin baƙin cikinsa ne. Duk wadda ta taɓa rainon yaro ita kaɗai za ta gane wannan wasa.

Wurin da ya fi taɓa ni a tsakiyar fim ɗin shi ne na cin abincin dare. Akwai wani abin wuya mai siffar ƙudan zuma da mahaifiyar Lynn ta rasu ta bar mata. Kullum sai ya ɓace daga inda ta ajiye, a tsince shi a durowar Cole. Ta zaunar da shi ta ce ta gaji, jiki da zuciya, tana ta addu'a amma lamarin gidansu bai daidaita ba, abu ɗaya take roƙo, ya faɗa mata gaskiya, ba za ta yi fushi ba. Ya ce bai ɗauka ba. Gaskiya ya faɗa, amma a kunnenta ƙarya ce tsagwaronta, sai ta kore shi daga teburin. Jim kaɗan ya ga abin da ya firgita shi, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ta idan fushinta bai yi yawa ba ko zai iya kwana a gadonta. Ta rungume shi, ta ji jikinsa na karkarwa, ita ma ta fashe da kuka tana roƙonsa ya gaya mata abin da ke damunsa. Lynn tana kuskure, tana fushi, amma ƙofarta ba ta taɓa rufuwa. Ko da likita a asibiti ya fara yi mata tambayoyin da ke nuna ana zargin ita ke dukan yaron, abin da ke gabanta shi ne a gano ciwon ɗanta.

Grace ba ta gaza Lynn son 'ya'ya ba. Ƙila ma ta fi ta sadaukarwa, domin ta binne kanta cikin duhu saboda su, kuma tana alfaharin cewa duk shekarun mamaya ba sojan Jamus ko ɗaya da ya taka gidanta. Amma ita sonta doka ne da makulli. 'Yar ɗariƙar Katolika ce ta gani kashe ni, ita ke koyar da yaran darasi da addini, tana tsoratar da su da makomar yaran da ke yin ƙarya a lahira. Da Anne ta ce ta ga Victor, Grace ba ta tambaye ta yaya yake ba. Hukunci ta yanke mata, ta sa ta karatun Littafi Mai Tsarki kwana da kwanaki har sai ta nemi gafara. Yarinyar kuwa kafiya gare ta irin ta uwarta, ta ce ba za ta nemi gafarar abin da ba ta yi ba. Wannan ja-in-ja tsakanin uwa da 'ya shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma Alakina Mann, yarinyar da ta fito a Anne, ta tsaya wa Nicole Kidman ido cikin ido ba tare da an danne ta ba. Ƙarƙashin wannan duka akwai wata rana da Anne ke yawan ambata, ranar da ta ce mama ta haukace, Nicholas kuma yana cewa ba abin da ya faru. Gidan gaba ɗaya an gina shi ne a kan ƙin yin maganar wannan rana.

Daga baya Grace da kanta ta fara jin takun ƙafa a sama, ta ji ana kaɗa fiyano a ɗakin da ta kulle da hannunta. Har ta je ta ba 'yarta haƙuri. Amma dubi abin da ta yi da ta yarda: bindiga ta ɗauko ta sa a bincike gidan. Malcolm kuwa da ya yarda da Cole, bayan ya koma ya saurari tsohon kaset ɗin zamansa da Vincent ya jiyo muryar da bai kamata a ce tana ɗakin ba, shawarar da ya ba yaron ita ce ya daina gudu, ya tsaya ya ji me suke so. Cole ya daure ya saurari wata yarinya mai suna Kyra, ya je zaman makokinta, ya miƙa wa mahaifinta kaset ɗin bidiyon da ya tona abin da ya kashe ta, ya ceci ƙanwarta da ita ma ta fara kwanciya. Fim ɗin farko yana tafiya ne daga ɓoyo zuwa faɗa. Na biyun yana ƙara matse mutanen gidan har sai gaskiya ta fasa ƙofa da ƙarfi.

Akwai wani wuri kusa da ƙarshen The Sixth Sense, ba shi ne sirrin fim ɗin ba, amma ba zan ba ki shi duka ba. Cole da Lynn suna cikin mota an yi cunkoso saboda haɗari a gaba, sai ya ce mata yanzu ya shirya yin magana. Ya faɗa mata abin da yake gani, ya ga ta rasa yadda za ta yi da maganar, sai ya kawo mata saƙo daga mahaifiyarta da ta rasu, wani abu tsakanin uwa da 'ya da ba yadda za a yi ya sani. Toni Collette ta samu shiga takarar Oscar da wannan fim, kuma duk wanda ya ga fuskarta a cikin motar nan ya san dalili. Saboda wannan wuri kaɗai nake fifita fim ɗin don kallo tare da 'ya mace mai tasowa. A nan za ta ga cewa uwa ma 'yar wata ce, kuma tana ɗauke da tambayoyin da ba ta samu yi wa tata uwar ba.

Ta fuskar gwaninta kuwa, gaskiya The Others ya fi tsafta a wajena. Kusan komai a gida ɗaya aka yi shi (wajen gidan wata tsohuwar fada ce a yankin Cantabria na arewacin Sifaniya), da kuɗin da bai wuce dala miliyan 17 ba, kuma Amenábar ya mayar da ƙarancin ya zama ƙarfi. Babu jini, babu dodo. Da labule da hazo da ƙarar katako da numfashin mace a tsorace ya gina fargabar. Ya juya abin da muka saba: a nan duhu ne mafaka, haske ne abin tsoro, shi ya sa safiyar da aka wayi gari ba labule ko ɗaya a gidan ta fi kowane dare tayar da hankali. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 200, ya kuma ci kyaututtukan Goya takwas a Sifaniya, har da na fim mafi kyau, alhali da Turanci aka yi shi. The Sixth Sense ya fi shi kasuwa nesa ba kusa ba: dala miliyan 40 aka kashe, ya dawo da sama da miliyan 670, ya yi mako biyar yana kan gaba a silimomin Amurka, ya shiga takarar Oscar shida duk da bai ci ko ɗaya ba. Amma yana da wuraren da ake bi da ƙarar kiɗa don a firgita mai kallo, abin da The Others bai cika bukata ba. Labarin Malcolm da matarsa Anna, waɗanda zamansu ya yi sanyi ba sa ko magana, zai iya yi miki kamar yana jan ƙafa. Ki yi haƙuri da shi, yana da amfaninsa.

Sai maganar aƙida, tunda da yara za a kalla. A wajenmu Musulmi wanda ya rasu yana barzahu, ba ya dawowa ya yi yawo a gidaje yana aika saƙo. Ya kamata ki faɗa wa yarinyar wannan kafin a kunna, ta san tatsuniya ce ta mutanen da tunaninsu game da mutuwa ya bambanta da namu. A The Sixth Sense addini a gefe yake: Cole yana fakewa a coci, yana kwaso ƙananan gumaka ya jera a ɗan tantin da ya kafa a ɗakinsa don su tsare shi, iyakarsa ke nan. A The Others addini yana tsakiyar labarin, kuma fim ɗin da gangan yake girgiza abin da Grace ta yi imani da shi game da lahira, Anne ma tana fitowa fili ta ce ba duk abin da aka koya mata ta yarda da shi ba. Koyarwar Katolika ake magana a kai, amma tambayoyin da zai tayar a kan 'yar shekara 15 ba su tsaya a coci ba. Gara ki riga ta gani, ki shirya amsoshinki.

Dalili na biyu da ya sa na ce ki fara kallon The Others ke kaɗai shi ne abin da aka bayyana a ƙarshe game da waccan ranar da Anne ke ambata. Ba a nuna shi a ido ba, faɗarsa aka yi, amma yana da nauyi ƙwarai, kuma ya shafi amanar da ke tsakanin uwa da 'ya'yanta kai tsaye. Ke kika san 'yarki, ke za ki auna. Akwai kuma kundin hotunan gawarwaki da Grace ta tsinta, irin al'adar Turawan ƙarni na 19 ta ɗaukar mamaci hoto kafin a binne shi, da wani ɗan gajeren wuri na miji da mata a ɗaki.

Game da ƙaramin, kada alamar PG-13 da aka ba finafinan biyu a Amurka ta ruɗe ki. Ma'anarta ma ita ce a yi hattara da wanda bai kai 13 ba. The Sixth Sense shi ya fi nuna abu ƙuru-ƙuru: harbin farkon fim, mace da yanka a hannuwanta a kicin, yaro da raunin bindiga a ƙeya, mutum uku a rataye a makaranta, yarinya tana amai cikin tanti, ga kuma abin da kaset ɗin Kyra ya nuna, wanda daga cikin gida cutarwar ta fito. Kuma galibin wannan a kan yaro sa'ansa yake faruwa, a ɗakin kwana da hanyar banɗaki da dare. Haley Joel Osment yana da shekara 11 fim ɗin ya fito, kuma tsoron da ke fuskarsa yana kama da na gaske har babba ma yana ji a jikinsa. Ɗan shekara 10 zai daɗe yana ƙin tashi fitsari shi kaɗai.

In kin zo kallon The Others, kada ki yi shi a waya da rana tsaka. Hoton yana da duhu sosai, maganar kuma ƙasa-ƙasa ake yin ta da harshen Turawan Ingila, saboda haka ki bari sai dare, a talabijin, ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Kuma ki hana 'yarki binciken sunan ko ɗaya daga cikinsu a intanet kafin ku gama, domin sharhin farko da za ta ci karo da shi a YouTube ko TikTok zai iya faɗa mata ƙarshen.